Kuɗin Dinar Yayana: Almubazzaranci Ne Ko Jari?

Yau wata 'yar magana ce ta cikin gidanmu na ga ya dace in fito da ita fili, domin na tabbata ba a gidanmu kaɗai ake irinta ba. Na nemi izinin wanda abin ya shafa kafin in rubuta, ya ce in rubuta amma kada in kama suna, to ba zan kama ba.

Yayana da nake bi yana karatun digiri na biyu a Jami'ar Abuja, wadda a Disambar 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar sauya mata suna zuwa Jami'ar Yakubu Gowon. Kwanakin baya suka gama jarrabawar ƙarshen shekara, abin da ya rage masa shi ne rubuta kundin bincike. Ran nan da daddare muna zaune a tsakar gida bayan isha'i, ni da Baba muna lissafin cinikin ranar, sai ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, 'yan ajinmu ne suka shirya dina ta rabuwa a wani otal a cikin gari, kowa zai ba da nasa kason." Da ya faɗi kuɗin, sai Baba ya ajiye biro ya dube shi ya ce, "Wato kuɗin turmin atamfa biyu masu kyau za ka kai otal ka ci shinkafa? Shinkafar gidan nan ta ƙare ne?" Yaya bai ƙara cewa komai ba, ya tashi ya shige ɗaki.

Ba zan ɓoye muku ba, a daren nan ina bayan Baba ɗari bisa ɗari, har da ɗan jin daɗi a raina. Ni tun da na gama sakandare a 2019 nake zaune a shagonmu na yadi a kasuwar Wuse. Kullum da asuba ni ne a bakin titin Zuba ina kokawar mota, ni ne ɗaukar dila, ni ne bin bashi, kuma daga cikin wannan guminmu ake biyan kuɗin makarantar Yaya. To a ce kuma har da kuɗin shagali? Na ce a raina lallai boko ya fara taɓa mutumin nan.

Abin da ya sauya mini tunani shi ne, kwana biyu bayan haka na zauna na tambayi kaina: shin su wane ne abokan Yaya a garin nan? Wallahi na ƙirga, ban cika yatsun hannu ɗaya ba.

Mai karatu, bari in ɗan bayyana maka yadda rayuwar ɗalibin digiri na biyu take a Abuja, don da yawanmu muna ɗauka irin ta 'yan digirin farko ce, masu kwana a hostel ana hira ana ƙwallo. Ba haka ba ne. Yawancin 'yan ajin Yaya manyan mutane ne masu iyali: ma'aikatan gwamnati, ma'aikatan banki, malaman makaranta, har da masu kaki. Mutum zai taso daga ofis a gurguje ya shiga lacca, ana tashi ya faɗa motarsa ya tafi ɗauko yara. Shi kuwa Yaya daga Zuba zai hau mota zuwa mahaɗar Giri, daga nan ya sake hawa wata zuwa harabar jami'ar da ke kan hanyar filin jirgi, a gama ya juyo. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000, kuɗin mota ya hana kowa zuwa ko'ina sai dole. Duk zumuncin ajin nasu ya koma cikin WhatsApp, can ma ba a maganar komai sai "an ɗage lacca" da "wa ke da takardar malam wane". Shekara guda cur suna zama aji ɗaya, amma bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da ko mutum guda a cikinsu ba.

Abokansa na yarinta fa? Nan ma akwai magana. Yaya ya shiga jami'a a Kano a 2017, da lissafin zai fito a 2021. Sai yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 ya zo tare da annobar korona, ya cinye daga Maris zuwa Disamba. Na 2022 kuma ya ɗauke daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Karatun shekara huɗu ya koma shida, ga shekarar bautar ƙasa a kai. Kafin ya dawo gida sa'o'insa na unguwa sun yi aure, wasu da 'ya'ya bibbiyu, kowa da shagonsa ko Keke Napep ɗinsa. In ya zo majalisarmu ta wajen mai shayi, da an hango shi sai a fara, "Ga Farfesa nan, a ba shi kujera!" Wani ya ce, "Har yanzu ba a gama karatun ba?" Wani ya ce, "Wai in ka gama wannan ɗin nawa za a riƙa biyan ka?" Ana yi ana dariya, ni ma ina cikin masu dariyar, Allah ya yafe mini. Da wasa muke yi, amma a hankali sai ya daina zuwa, mu kuma muka ce girman kai ne. In mun je Kano da Sallah, can ma tambaya biyu ce ke jiran sa a bakin kowace gwaggo: yaushe za a gama, yaushe za a yi aure.

Ka ga ke nan mutum ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi. A makaranta shi ne ƙaramin yaro marar mota, a unguwa shi ne Farfesa marar albashi. Ranar dinar nan ita ce rana ɗaya tak a shekara da zai zauna da 'yan ajinsa a matsayin mutum da mutum, ba a matsayin lambar jarrabawa ba.

Daga nan sai na duba wani abu da na fi sani, wato kasuwa. Mahaifinmu ya zo Abuja daga Kano ba da daɗewa ba bayan an dawo da babban birnin tarayya daga Legas a Disambar 1991. Da 'yan turame kaɗan ya zo, bai san kowa ba. Me ya tsayar da shi da ƙafafunsa? Mutane. Har gobe ba a ɗaurin auren ɗan wani abokin cinikinsa bai je ba, ba a rasuwa bai je gaisuwa ba, ko da kuwa a Suleja ne ko Keffi. Yana biyan kuɗin ƙungiyar 'yan kasuwa, yana zubin adashi, yana kai gudummawa, kuma bai taɓa kiran wannan asara ba. Shi da bakinsa yake gaya mana sabo da maza jari ne. Ranar da kaya suka maƙale masa a hanya, ko ciniki ya tsaya ga kuɗin haya ya taso, waɗannan mutanen ne suke rufa masa asiri.

To Yaya kasuwarsa daban ce da tamu. Hajarsa takardar shaida ce, masu sayenta kuma suna cikin ofisoshi. Kowa ya san yadda neman aiki yake a garin nan: kafin talla ta fito a jarida ko a intanet, waɗanda ke ciki sun riga sun ji ƙishin-ƙishin. Ban ce a yi cuwa-cuwa ba, a'a, ko labarin cewa za a ɗauki ma'aikata a wuri kaza, da yadda ake cike fom ɗin, da irin tambayar da ake yi, sai kana da wanda zai gaya maka. Baba ya san dillalai da masu dako da teloli fiye da ɗari, amma bai san darakta ko ɗaya ba. Mu Hausawan da muka zo cin kasuwa haka muke: shekara talatin muna zaune da Gbagyi masu ƙasar, da Ibo da Yarabawa da Tibi da Igala, amma yawancinmu a kan kanta kawai muka san su, a ba ka kuɗi ka ba da canji. Ɗanmu da ke jami'a shi ne wanda Allah ya zaunar a benci ɗaya da su. Da ɗan gari akan ci gari, in ji Hausawa, ga 'yan garin an kawo masa har aji, mu kuma muna ce masa ya tsaya a gida ya ci shinkafa.

Kada a ce na raina tsoron Baba, don tsoronsa yana da tushe. Ya san irin abin da ake yi a wasu wuraren da sunan bikin gama makaranta: kiɗa da raye-raye, giya a kan tebur, liƙin kuɗi, yara su sa fararen riguna ana yi musu rubutu a jiki, a jera motoci ana tsere a titi har a yi asarar rai. Duk uba mai hankali ba zai so ɗansa a can ba. Ga kuma dare. Ba mu manta da Nuwambar 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka shiga gidajen ma'aikatan jami'ar a Giri cikin dare suka tafi da mutum shida, sai bayan kwanaki aka kuɓutar da su. Ga 'yan wan-cans da ke ɗaukar fasinja a matsayin tasi su yi masa fashi. Wanda zai taso daga tsakiyar gari zuwa Zuba ƙarfe goma sha ɗayan dare, dole uwarsa ta kasa barci. Amma maganin wannan shi ne a tambaya: a ina za a yi, ƙarfe nawa, su wa za su je, da wa za ka dawo? Ba a yanke hukunci tun kafin a ji ba. Mutumin da ya kusa shekara talatin, wanda ya yi shekara shida a Kano shi kaɗai bai jawo mana abin kunya ba, ya cancanci a yi masa waɗannan tambayoyin.

Abin da na yi shi ne, na sami Umma na yi mata bayani, ita kuma ta san yadda take bi da maigidanta. Baba ya ce shi dai ba zai ba da ko sisi ba, amma bai hana ba. Na cire rabin kuɗin daga adashina, Yaya ya cika sauran daga ɗan abin da yake samu na koyar da yara darasi da yamma. Ya je, ya yi magariba a masallacin da ke kusa, ya ci abinci, aka yi hotuna, kafin a buɗe filin rawa ya yi sallama. Wani dattijo ɗan ajinsu da ke zaune a Gwagwalada ya rage masa hanya har bakin layinmu, kafin ƙarfe goma yana gida.

Ba zan ce muku ya samo aiki a wurin ba, har yau yana nema. Abin da ya samo shi ne lambar mutum huɗu da yanzu suke gaisawa, da gayyatar ɗaurin aure a Kuje. Sannan bayan mako biyu wata mata 'yar ajinsu ta zo shago da ƙawayenta sayen leshin anko, ta gaida Baba da girmamawa ta ce, "Alhaji, ɗanka ne ya fitar da rabin ajinmu a darasin lissafi, Allah ya yi masa albarka." Baba bai ce komai ba sai "madalla", amma na ga ya rage musu kuɗin da ni bai taɓa bari in rage wa kowa ba. Mu da muke gida ɗaya da shi, sai a bakin baƙuwa muka ji wannan labarin.

Don haka ga 'yar shawarata. Iyayenmu, in kuna lissafin kuɗin makaranta ku sa da na zumunci a ciki, ko yaya yake, kamar yadda kuke sa kuɗin ƙungiya a lissafin shago. Ku kuma ɗalibai, kada ku zauna a gefe sai an gama shiri ku zo kuna ƙorafi. Ku shiga kwamitin shirya taron, ku kawo shawarar a yi da rana a wuri irin Millennium Park ko bakin tafkin Jabi, inda kuɗin bai kai na otal ba kuma mai iyali zai iya zuwa da iyalinsa. Na tabbata ko a cikin waɗanda ba Musulmi ba akwai da yawa da za su fi son haka. In Sallah ta zo ku gayyato su gida su ci tuwo da nama, su ga inda kuka fito. Kuma ku daure ku dawo majalisa, ko an tsokane ku ku rama da wasa, don wanda ya bar gida, gida ya bar shi.

Mu kuma 'yan unguwa, musamman sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, me zai hana duk ƙarshen shekarar karatu a haɗa 'yar walima a ƙofar masallaci, a tara 'ya'yanmu da ke jami'o'i da kwalejoji, a dafa shinkafa a yi musu addu'a? Muna yi wa mai saukar Alƙur'ani, muna yi wa alhazai, muna yi wa ango. A wurin sai su zauna da ƙannenmu 'yan sakandare su nuna musu yadda ake rajistar JAMB da zaɓen kwas, maimakon yaro ya kai kuɗinsa shagon kwamfuta a cike masa abin da bai sani ba. Ni da na sami wanda ya zaunar da ni haka a 2019, wataƙila da labarina ya bambanta. Ba na nadamar zaman kasuwa, alhamdu lillahi tana rufa mana asiri, amma ina da ƙanne biyu a baya.

Daga yau dai na daina kiran Yaya Farfesa a gaban mutane, sai ranar da ya zama na gaske, in sha Allahu. Jiya ma tare muka je wajen mai shayi, ni na biya.

Allah ya ba ɗalibanmu sa'a, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalamu alaikum.

Naku,
Ɗan kasuwar Wuse, daga Zuba.