Abin Da Ke Ɓacewa Tsakanin Kwali Da Tiya

Duk wanda ya saba zirga-zirga a kasuwar Dole ta Damagaram ya san yadda kaya ke sauya kama daga babbar mota zuwa hannun mai saye. Kwali yakan iso daga Kano, ko daga Aljeriya ta hanyar Agadas, ko daga tashar jiragen ruwa ta Lome, jikinsa cike da rubutu cikin Faransanci ko Ingilishi ko Larabci. Babban ɗan kasuwa ya sayar wa ɗan sari, ɗan sari ya farke kwalin ya juye a tiya, mai tebur kuma ya ƙulla a leda. Kafin la'asar kwalin ya zama shimfiɗar mai tsire ko abin hura wuta, rubutun da ke jikinsa ya bi shi. Ga akasarin jama'a babu wata asara a cikin wannan. Amma akwai wasu bayin Allah waɗanda numfashinsu ya dogara ga layi guda na wannan rubutu.

Layin shi ne wanda ke nuna ko an sa wa abincin sinadarin sulfit. Shi sulfit dangin farar wuta ne, kuma amfani da shi ba sabon abu ba ne, domin tun zamanin Rumawa ake turara hayaƙin farar wuta a cikin tuluna don hana abin sha lalacewa. Masana'antu na son sa saboda yana da araha, yana kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci, yana kuma hana ƴaƴan itace yin baƙi bayan an busar da su. A jikin kwalaye akan rubuta shi da sunansa, ko kuma da lambobi daga E220 zuwa E228. Ana samunsa a zabibi mai ruwan ɗorawa, da busasshen mishmish irin wanda alhazai kan kawo tsaraba, da ruwan lemun tsami na kwalba, da binega, da mutar ɗin da ake shafa wa burodi da nama, da siro, da biskit iri-iri. A Turai giya ce ɗaya daga cikin manyan hanyoyin shigarsa jiki, abin da kan sa mutumin Birni ko Zango ya ɗauka maganar ba ta shafe shi ba. Ta shafe shi, musamman a watan azumi, lokacin da farantin buɗa-baki ke cika da irin waɗannan kaya.

Wajibi ne a faɗi gaskiya ba tare da tayar da hankalin kowa ba: mafi yawan mutane suna ci suna sha lafiya lau, domin hanta tana sarrafa sinadarin ya fita tare da fitsari. Matsalar tana ga masu ciwon asma. Binciken likitoci ya nuna cewa a cikin kowane ɗari daga cikinsu, tsakanin uku zuwa goma jikinsu ba ya ɗaukar sulfit. Idan ya gamu da tsami a baki ko a ciki, sai ya saki wata iska irin wadda ke shaƙe mutum in ya kusanci ashana lokacin da aka ƙyasta ta. Hanyoyin numfashi su tsuke. Cikin mintuna kaɗan sai tari, sai nauyin ƙirji, sai numfashi ya riƙa fita da ƙara. Wasu borin jini ke feso musu, wasu ciwon ciki da gudawa. A wasu lokuta, ko da yake ba su da yawa, abin yakan kai ga suma, har ga rasa rai.

A ƙasar da hunturu ke lulluɓe gari da ƙura wata da watanni, wa zai zargi zabibi? Idan magidanci ya sarƙe bayan buɗa-baki, sai a ce sanyi ne ya kama shi, ko ruwan ƙanƙara ya sha, ko hayaƙin murhu ne. Idan abin ya maimaitu, sai a fara raɗe-raɗin iska ko sammu, a kama hanyar neman magani inda babu shi. Ga shi kuma babu wani gwajin jini ko na fata da ake dogara da shi wajen gano wannan larura. Likita yakan gane ta ne ta hanyar bin diddigin abin da majiyyaci ya ci kafin ciwon ya tashi, sannan in ta kama, a gwada shi da ɗan kaɗan a gaban ma'aikatan lafiya, ba a gida ba. Ke nan maganin farko shi ne sani, kuma sanin nan shi ne abin da ake yarwa tare da kwali.

Wasu ƙasashe sai da suka yi jana'iza kafin suka farga. A Amurka, gidajen abinci sun daɗe suna yayyafa sulfit a kan ganyen salati don kada ya yi yaushi, har aka riƙa samun rahotannin mutuwar masu asma. A 1986 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta hana sa shi a ɗanyen kayan lambu da ƴaƴan itace, ta kuma wajabta bayyana shi a jikin duk abincin da ya ƙunshi miligiram 10 ko fiye a cikin kilo guda. Wannan ma'auni ne hukumar Codex ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Nijar take mamba a cikinta, ta ɗauka. Tarayyar Turai ta ƙara wani mataki wanda ya fi dacewa da halin kasuwannin Damagaram: daga watan Disamba na 2014, ko abincin da ake sayarwa a buɗe, ba a cikin kwali ba, dole mai sayarwa ya iya gaya wa mai saye ko akwai sulfit a ciki.

Ƴan kasuwa mutane ne masu son lissafi, don haka ga lissafi. Masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙayyade cewa abin da lafiyayyen mutum zai iya ci kullum shi ne miligiram 0.7 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa. Mai nauyin kilo 60 yana da miligiram 42 ke nan a yini, yaro mai kilo 20 kuwa miligiram 14. Dokar Turai ta yarda a sa har miligiram 2000 a kilo guda na busasshen mishmish. Ƙwaya uku ko huɗu sun isa su cinye rabon babban mutum na yini ɗaya. Wannan fa lissafin mai lafiya ne. Mai larurar yana iya sarƙewa da abin da bai kai haka ba ko kusa.

Ba a rasa doka ba a ƙasar nan. A watan Maris na 1993, watan da aka zaɓi ɗan Damagaram, Mahamane Usmane, shugaban ƙasa, gwamnatin riƙon ƙwarya ta kafa dokar tsaftar jama'a. A 2007 ƙungiyar UEMOA ta fitar da ƙa'idarta kan ingancin abinci. Akwai ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa, LANSPEX, a Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram. Makwabciya Nijeriya tana da NAFDAC tun 1993. Sai dai duk waɗannan suna magana ne da kwali, alhali talaka ba da kwali yake ciniki ba. Rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 2023, sun koya wa kaya bin ɓarauniyar hanya, suka kuma shigo da sababbin kayayyaki daga wuraren da ba a saba da su ba. Kayan da ya kwana a daji yana guje wa ɗan duwan ba ya tsayawa a karanta masa rubutu.

Akwai kuma wani gefe na cikin gida. Mata da matasa masu haɗa zobo da lemun citta da na tsamiya a robobi sun yawaita, kuma sana'a ce mai albarka da ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Duk wadda kayanta ke tsami kafin su ƙare tana iya samun mai ba ta shawarar ta sayi farar hoda a shagon sinadarai ta zuba. Abin da masana'anta ke aunawa da miligiram, ita da bakin cokali za ta auna. Ba mugunta ba ce, babu wanda ya koya mata. Jami'in da zai zo ya ƙwace mata robobi ya ci ta tara bai warware kome ba, wanda zai zaunar da ita ya nuna mata ma'auni, ya sa ta manna takarda a jikin robar, shi ya yi aikin da ake biyansa albashi dominsa.

A nan ya kamata a yi hattara da jita-jita, domin sunaye suna kama da juna. Sulfit daban, magungunan da ake kira sulfa daban, irin su Fansidar da ake ba mata masu ciki, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara da damina. Wanda sulfit ke sarƙewa ba shi da dalilin gudun waɗannan don kamannin suna kawai. Hatta allurar adirenalin da ake ceton wanda ya sarƙe da ita tana ƙunshe da ɗan sulfit, amma likitoci ba sa fasa yin ta, domin amfaninta ya rinjayi haɗarin nesa ba kusa ba. Wanda ya tuna abin da raɗe-raɗi suka jawo wa rigakafin shan-inna a Kano a 2003 ya san tsadar magana mara tushe.

A zamanin Sarki Tanimun, lokacin da ayari ke sauka daga Tarabulus da Kawar, dillali da mai masauki su ne shaidar kaya, kuma wanda ya ɓoye aibin haja ya zubar da sunansa a gari. Kayan wancan zamani ido yana gane su: kilishi da kauɗa da dabino rana ce ta busar da su, gishiri da hayaƙi suka adana sauran. Aibin kayan yau ba ya ganuwa, amma nauyin bayyana shi bai sauka daga wuyan mai sayarwa ba. Abin da ake nema ga ɗan kasuwa bai kai kuɗin shayin safe ba: ya yanke ɓangaren kwalin da ke ɗauke da jerin abubuwan da ke ciki, ya ajiye kusa da tiya. Wanda ya san larurarsa ya sami abin dubawa, ko ya nuna wa ɗansa ɗan lakkwal ya karanta masa, tare da riƙe maganin shaƙarsa a aljihu da rubuta duk abin da ya taɓa tayar masa da ciwo.

Sauran aikin na hukuma ne. Tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu hujjar da za ta hana a tilasta wa masu shigo da irin waɗannan kaya manna gargaɗi cikin Hausa, da boko da ajami, tare da wata alama da wanda bai yi karatu ba zai gane. Ma'aikatar magajin gari da shugabannin ƴan kasuwa da fadar Sarkin Damagaram suna da ikon zama a tsayar da ƙa'idar ajiye takardar kwali a kasuwar Dole ba tare da jiran umurni daga Yamai ba. Ma'aikatan lafiya kuma, daga babban asibiti har ƙananan likitocin Miriya da Magarya da Matamai, a umurce su da tambayar duk wanda aka kawo a sarƙe abin da ya ci a cikin sa'ar da ta wuce, su rubuta amsar a rajista. Kayan azumi kan fara sauka tun cikin watan Sha'aban, saboda haka zaman ya kamata a yi shi kafin ƙarshen Rajab.