Tsofaffin Waƙoƙinmu Na Mutuwa A Cikin Akwati: Ina Rediyon Al'umma?

A ƙarshen kakar da ta wuce na je gida Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, domin gaida dangi. Bayan sallar la'asar sai wani kawuna, dattijo manomi, ya sa aka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadonsa. Cike yake da kaset-kaset da ya tara tun yana saurayi: Mamman Shata, Haruna Uji, Ɗanmaraya Jos, Musa Ɗanƙwairo, Barmani Choge, har da na wasu makaɗan noma na yankinmu waɗanda shi ya ɗauke su da rikodarsa a wajen gayya. Ya ce da ni, "Ɗan nan, tunda ku ne masu boko, ka tafi da su ka ga abin da za ka iya." Da na koma Kano na gwada su, sai na tarar zafi da ƙura sun cinye mafi yawa. Na Shata da na Ɗanƙwairo ana iya samunsu a wani wuri. Amma muryoyin makaɗan gayyar nan, waɗanda duk sun riga mu gidan gaskiya, sun tafi ke nan.

Wannan asara ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ba kawuna kaɗai ta shafa ba. Tun a shekarar 2019 hukumar UNESCO, tare da ƙungiyar masu adana sauti da hotuna ta duniya, suka yi gargaɗin cewa injinan da ke karanta tef suna ƙarewa, kuma samun kayan gyaransu zai yi wuya daga wajajen 2025. Wa'adin ya cika. Duk abin da ke kan kaset, a gidajenmu ko a ɗakunan ajiyar gidajen rediyonmu, in ba a juye shi zuwa na'urar zamani ba, to kwanansa ya kusa ƙarewa.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya haɗa malamin kimiyyar harshe da kiɗa? Amsa ita ce, waƙar baka rumbun harshe ce. A cikinta ake jin Hausar Zamfara a bakin Narambaɗa, Katsinanci a bakin Shata, da Hausar Haɗeja a bakin Uji, kowace da karin sautinta da kalmominta. Na sha tambayar ɗalibaina a aji, 'ya'yan manoma, bambancin firi da maimai, ko mene ne barema, ko yadda ake kiran gayya. Kaɗan ne ke amsawa. Ƙamus yana iya adana kalma, amma ba ya iya adana yadda ake furta ta, alhali Hausa harshe ne da hawa da saukar murya ke sauya ma'ana a cikinsa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da wasu malamanmu sun yi namijin ƙoƙari wajen rubuta tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu. To amma waƙa a takarda kamar kifi ne a tudu. Rayuwarta tana cikin kunne.

Domin mu ga yadda wasu suka magance irin wannan matsala, bari mu leƙa Amurka. Akwai wani kiɗa da ake kira bulus, wanda baƙar fata jikokin bayi suka ƙirƙiro a gonakin auduga na kudancin ƙasar, musamman jihar Misisipi. Kiɗan talakawa ne, na gajiya da bashi da rabuwa, kuma da farko masu faɗa-a-ji, har da malaman cocinsu, ƙyamarsa suke yi. An fara sa shi a faifai sosai daga 1920. Robert Johnson, wanda a yau ake ɗauka a matsayin ginshiƙin wannan kiɗa, waƙoƙi 29 kacal aka ɗauka daga bakinsa, a 1936 da 1937, ya kuma mutu a 1938. A 1941 wani mai bincike, Alan Lomax, ya ɗauki na'ura ya shiga gona ya naɗi muryar wani lebura mai suna Muddy Waters domin ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Ba domin irin waɗannan ɗauke-ɗauke ba, da bulus na farko ya bi sahun makaɗan gayyar kawuna.

Amma ɗauka kaɗai ba ta isa ba, sai da rediyo ya shigo. A watan Nuwamba na 1941 wata ƙaramar tasha mai suna KFFA, a garin Helena na jihar Akansas, ta fara wani shiri na minti 15 da tsakar rana, daidai lokacin da ma'aikatan gona ke hutun cin abinci, inda makaɗan yankin ke wasa kai tsaye. Wani kamfanin sayar da garin fulawa ne ya ɗauki nauyinsa. Shahararren makaɗi B.B. King ma a tashar WDIA ta birnin Memfis ya fara suna. Daga baya tashoshin al'umma, irin su WWOZ da aka buɗe a New Orleans a 1980, waɗanda masu aikin sa-kai ke gabatar da shirye-shiryensu, suka ci gaba da sanya tsofaffin faya-fayan da manyan tashoshin kasuwa suka yi watsi da su. Ta haka jikoki suka san kakanninsu.

Abin sha'awa kuma, wannan kiɗa ba baƙo ba ne gare mu ƙwarai. Masana irin su Paul Oliver a littafinsa na 1970, da Gerhard Kubik a nasa na 1999, sun nuna cewa wasu siffofin bulus, kamar mawaƙi guda da abin kiɗansa mai tsirkiya, da jan murya yana lanƙwasa ta, sun fi kama da kiɗan yankinmu na Sudan ta Yamma fiye da kiɗan gangunan bakin teku. Ba ina cewa Bahaushe ne ya ƙago bulus ba, domin a Amurka aka haife shi. Amma duk wanda ya saurari kukumar Ahmadu Doka ko kuntigin Ɗanmaraya, sannan ya saurari waɗancan, zai ji ƙanshin dangantaka. Su sun riƙe reshe sun mai da shi dukiya, mu kuwa ga saiwa a hannunmu muna barin ta ga gara.

Ina muka kwana a nan gida? An kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa a 1992, aka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. A Kano, Freedom Radio ta fara aiki a 2003, wasu tashoshi da dama suka biyo baya, kuma ba mai musun amfanin da suka yi. Sai dai tashar kasuwa dole ta bi kuɗi, kuɗi kuwa yana wajen 'yan siyasa da sojojin bakansu da masu tallar magani. Kusan dukkansu a birni suke, da idon birni suke kallon duniya. Rediyon al'umma kuwa, wato tashar da mutanen gari suka mallaka suke gudanarwa ba domin riba ba, sai a 2015 gwamnatin tarayya ta amince da lasisi 17 na farko a duk faɗin Nijeriya. Maƙwabciyarmu Nijar, wadda ba ta kai mu arziki ba, ta buɗe tata ta farko a Bankilare tun 1999, kuma adadinsu ya daɗe da haura 100.

Na san akwai masu ƙorafi. Wasu za su ce mutanen da ke kukan tsadar taki ba waƙa ce damuwarsu ba. Gaskiya ne, amma tashar da za ta sanya Ɗan'anace da dare ita ce za ta faɗi farashin gero da gyaɗa da safe, ta sanar da ranar rigakafi da cigiyar dabbar da ta ɓata. Tsohuwar waƙa ita ce ke jawo kunne, saƙo ya biyo baya. Wasu kuma za su kawo batun addini. Ina girmama wannan ra'ayi, kuma ba kowace waƙa ce ta dace da iska ba. Kwamitin dattawa da malaman gari na iya tacewa. Sannan rumbun da nake magana ya haɗa da Imfiraji na Aliyu Namangi da waƙoƙin Aƙilu Aliyu da na Mu'azu Haɗeja, waɗanda tarbiyya ce zalla. Haɗarin da na fi tsoro shi ne wani ɗan siyasa ya mai da tashar kakakinsa. Maganin wannan shi ne mallakar ta kasance a hannun ƙungiyoyin manoma da mata da matasa, kuma a rubuta haka a ƙa'idar kafa ta.

Don haka ina kira ga hukumar ba da lasisi da ta sauƙaƙa sharuɗɗa da kuɗi ga al'ummomin karkara. Ina kira ga sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'inmu, musamman Jami'ar Bayero mai tashar rediyo tata, da su tura ɗalibai ƙauyuka su tattaro kaset-kaset, su juye, su mayar wa masu su. Gidan Rediyon Kano da na Tarayya Kaduna su ma su gaggauta juye abin da ke ɗakunan ajiyarsu, tare da kiyaye haƙƙin iyalan mawaƙan. Ƙungiyoyin ci gaban Gabasawa kuwa, su fara da abin da ke hannu: a yi shela, kowa ya fito da akwatinsa.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Daga akwatin kawuna, kaset ɗin da suka tsira na juye su na kai masa a waya. Ya saurara shiru, sannan ya ce, "To, ni na ji. Yaran nan fa, a ina za su ji?" Tambayar da nake miƙa wa hukuma da jama'a ke nan. Allah Ya sa mu farga tun da sauran lokaci.