Wa ya gina ƙuruciyar 'yan Levittown?

Duk wanda ya saurari dattawan Amurka da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu suna ba da labarin ƙuruciyarsu a sababbin unguwannin bayan gari, kusan labari ɗaya zai ji. Da hantsi yaro ya haye keke ya fita, ba a sake ganinsa sai fitilun titi sun kama. Kowane gida da sa'ansa a ciki, ƙofofi a buɗe, uwar wani tana tsawata wa ɗan wani ba a ga laifinta ba. Daga nan sai su yanke hukunci cewa mutanen da sun fi tarbiyya, iyaye sun fi ƙwazo, shi ya sa zaman ya yi daɗi. Labarin na yarda da shi, hukuncin ne ban yarda da shi ba. Da kuɗin gwamnati da dokokinta aka gina wannan ƙuruciya, kuma waɗanda suka gina ta sun zaɓi 'ya'yan da za su more ta.

Mu ɗauki Levittown, wadda ta fi kowace irin wannan unguwa suna. Amurkawa kimanin miliyan 16 ne suka yi aikin soja a yaƙin, suka dawo suka yi aure, muhalli ya yi ƙaranci, ango da amarya suka riƙa rakuɓewa a gidajen iyaye. Kamfanin William Levitt da danginsa ya sayi gonakin dankali a tsibirin Long Island, gabas da birnin New York, ya gina gidaje sama da 17,000 tsakanin 1947 da 1951. An kasa aikin gini kashi 27, kowace ƙungiyar ma'aikata da aikinta guda, ta gama nan ta wuce gaba, har aka kai ana kammala gida 30 a rana. Gidan ƙarami ne, ɗakin kwana biyu da falo da kicin, farashinsa bai cika dala 8,000 ba. Amma ko wannan kuɗin, direban bas ko ma'aikacin masana'anta ba shi da shi a hannu. Abin da ya buɗe masa ƙofa shi ne dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944, tare da hukumar gidaje ta tarayya da ta tsaya wa bankuna a kan rancen. Tsohon soja yana shiga gida kusan ba tare da ya ajiye komai ba, ya riƙa biyan kimanin dala 60 a wata har shekara 30.

Idan aka bi abubuwan da dattawan nan ke begensu, za a tarar kowanne yana da tushe a wannan tsari. Yara sun yi yawa a titi ne domin an tara matasan ma'aurata sa'o'in juna a wuri ɗaya, a lokacin da ƙasar ta haifi jarirai kusan miliyan 76 tsakanin 1946 da 1964. Fili ya wadata domin Levitt ya hana yin shinge tsakanin gidaje, sai bayan gida ya haɗe da na maƙwabci ya zama dandali. Titunan cikin unguwa an lanƙwasa su don mota ta rage gudu, an kuma ware wuraren ninkaya da filayen wasa tun a taswira. Uwa tana gida idonta a kan yaran layi domin kuɗin gidan bai fi ƙarfin albashin mutum ɗaya ba.

Akwai masu cewa duk wannan bege ne kawai na tsufa, unguwannin ba su da wani daɗi. Tun a lokacin masana irin su Lewis Mumford sun kushe su, suna ganin gidaje iri ɗaya za su haifar da mutane masu tunani iri ɗaya. Wannan suka ba ta yi wa mazauna adalci ba. Masanin zamantakewa Herbert Gans ya tare a wata Levittown ɗin ta daban, a jihar New Jersey, ya zauna cikinsu, kuma littafin da ya fitar a 1967 ya nuna yawancinsu sun gamsu da zamansu. Wanda ya fito daga ɗaki ɗaya a gidan surukai ya san darajar ƙofar kansa. Sai dai idon yaro ba komai yake gani ba. Bai ga kaɗaicin uwarsa ba, wanda Betty Friedan ta yi littafi a kansa a 1963, bai kuma san fargabar shan inna da ke hana iyaye barci kafin a samu rigakafi a 1955 ba.

Babban abin da yaron bai gani ba shi ne wanda aka hana shiga. A takardun farko na Levittown an rubuta sharaɗi ƙarara cewa fararen fata kaɗai za su zauna a gidan, in ban da barori. Baƙar fatan da ya yi yaƙi a Turai ko a tekun Fasifik, ya dawo da haƙƙin rance iri ɗaya a takarda, an mayar da shi daga bakin ofis. A 1948 Kotun Ƙoli ta ce kotuna ba za su tilasta bin irin wannan sharaɗi ba. An cire rubutun, aka ci gaba da ƙin sayar wa baƙar fata. A watan Agusta na 1957, da William da Daisy Myers, ma'aurata baƙar fata, suka sayi gida daga hannun wani mazauni a wata Levittown ta jihar Pennsylvania, taron jama'a ya yi ta cincirindo a ƙofarsu dare bayan dare, ana jifa, sai da aka turo 'yan sandan jiha. Su ma iyalin Myers suna da ƙananan yara. Sai a 1968 aka yi dokar tarayya da ta haramta wariya wajen sayar da gida.

Za a ce Levitt ɗan kasuwa ne, abin da masu saye ke so ya bi, kuma shi kansa hujjar da ya kafa ke nan. Hujjar ba ta isa ba, domin hukumar da ta tsaya wa rancen ita kanta ta daɗe tana ba da shawarar a raba unguwanni bisa launin fata, kuma harajin kowa da kowa ne ya tsaya mata. Za a kuma ce yaran da suka tashi a can ba su da laifi. Gaskiya ne, ba wanda ya ce su ƙi ƙuruciyarsu. Amma gidan da uba ya saya ƙasa da dala 8,000 yau kuɗinsa ya kai dala dubu ɗaruruwa, da shi aka biya kuɗin jami'a, shi aka bari gado. Iyalin da aka kora sun ci gaba da biyan haya. Wanda ya gaji ribar bai kamata ya danganta ta ga tarbiyyar gidansu kaɗai ba.

Mu ma nan muna yawan cewa a da ɗa na kowa ne, yanzu kowa ya kulle nasa, mu ɗora laifin a kan lalacewar zamani. Ku duba yadda ake yanka filaye a gefen Kano da Kaduna da Abuja: katanga ta haɗu da katanga, wurin da aka ware wa makaranta ko filin wasa sau da yawa a wayi gari an mayar da shi fuloti. Tun 1992 ake da asusun gidaje na ƙasa da ake cire wa ma'aikaci kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa, amma ƙaramin ma'aikacin da ya samu gida ta wannan hanya bai da yawa. Ina kira ga gwamnatocin jihohi da kada su amince da taswirar kowace sabuwar unguwa sai da filin yara a ciki, su kare filin daga masu sayarwa, kuma su buɗe rancen gida ga malamin firamare da ɗan kasuwar tebur ba tare da duba ƙabila ko addini ba.