Ina Sunayen 'Yan Dakon Ibi?

Mutanen Taraba da ke zaune a Ikko da Badun sun san Ibi da wasan su na Nwonyo. Kaɗan ne suka san cewa a wannan gari na bakin Binuwai ne wani sojan Ingila, Boyd Alexander, ya kafa zango a 1904, kafin ayarinsa ya nufi Tafkin Chadi da kogin Nilu da jiragen ruwa biyu na ƙarfe.

Tafiyar ta ci rayuka. Ƙanensa Claud ya rasu a Maifoni, wato Maiduguri ta yau, a watan Nuwamba na 1904. Kyaftin Gosling ya bi shi a Niangara ta ƙasar Kwango a 1906. Alexander ya ba da labarin duka a littafinsa From the Niger to the Nile na 1907, har aka ba shi lambar zinariya a London. Shi ma aka kashe shi kusa da Abeche a 1910, lokacin da Faransawa ke yaƙi da Wadai, aka kawo ƙasusuwansa Maifoni kusa da ƙanensa.

To, Turawan dai an san ciwonsu, an san ranarsu, an san kabarinsu. Abin tambaya a nan shi ne, ina waɗanda suka ɗauko kayan? Inda ruwa ya ƙare kwance jiragen nan ake yi, a ɗora wa mutane a ka. Mutum nawa aka ɗiba, nawa suka komo gida? Wanda ciwo ya kayar a hanya, wa ya yi masa sutura? An kai wa iyalinsa ladansa kuwa? Tsuntsayen da Alexander ya harbo ma sai da aka rubuta wa kowanne sunansa da inda aka same shi.

Ba sai mun yi wa mai karatu dogon bayani ba. Duk wanda ya taɓa yin dako a kasuwar Mile 12 ko Sabo ya san yadda baƙo ke rasuwa a rasa wanda zai kai saƙo gida.

Saboda haka muna kira ga Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo da ta tura ɗalibanta na tarihi Ibi da Wukari su zauna da tsofaffi, sa'an nan su bincika takardun Lardin Muri a Gidan Adana Tarihi na Kaduna. Daga Jalingo zuwa Ibi tafiyar yini guda ma ba ta kai ba.