Kafin a sayi layi, a tambayi unguwa

Kamfani huɗu ke da rezon wayar salula a Yamai: Airtel, Moov Africa, Niger Telecoms da aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom, sai Zamani Telecom da ya gaji Orange a 2019. Kowanensu yana yabon hajarsa, amma allon talla ba ya isar da saƙo.

Eriya tamkar rijiyar gari ce, in masu ɗiba sun yi yawa sai kowa ya samu kaɗan. Shi ya sa intanet mai gudu da asuba kan koma rarrafe da hantsi, sa'ad da Babbar Kasuwa da Katako suka cika. Ginin siminti da rufin kwano ma suna rage ƙarfin rezo, balle a ɗauke wuta da bazara.

Saboda haka ɗan kasuwa mai bin hanyar Doso da Ƙwanni ya tambayi direbobi inda rezo ke yankewa. Ma'aikaci kuwa ya sayi intanet na yini guda, ya gwada a wurin aiki da gida, kafin ya biya kuɗin wata.