Kwali ba shara ba ne

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai bayan la'asar, ya san abin da muke nufi. An sauke kaya, an farke kwalaye, an watsar da su bakin rumfa. Makaroni, sabulu, madara, tumatirin gwangwani, shayi, duk cikin kwali suke zo mana. Kaya sun shiga kanti, kwali ya tafi bola ko wuta. To, ƴan kasuwa, asara ce muke yi da hannunmu.

Galibin kwalayen nan ba a ƙasarmu aka yi su ba. Da itace ake yin su. Masana'anta tana saran itatuwa, ta daddatsa su, ta dafa da soda mai ƙarfi har su koma kamar kunu, ta wanke da ruwa mai ɗimbin yawa, ta shimfiɗa, ta busar. Daga nan a haɗa falle uku, na tsakiya mai lanƙwasa, a manne su da sitaci na masara ko na rogo. Aikin yana cin itace da ruwa da wutar lantarki, kuma ruwan da ya fito in ba a tace shi ba yana ɓata kogi.

Babbar hanyar rage wannan ɓarna sananniya ce: a jiƙa tsohon kwali, a dama, a yi sabo da shi. Zaren da ke cikinsa yana jure wannan aiki sau da dama kafin ya gaji. Amma masana'anta ba ta son kwalin da ya sha ruwa ya ruɓe, ko wanda mai ya ɓata. Ashe gyaran da ake nema can, daga rumfarki yake farawa, Hajiya, daga shagonka yake farawa, Alhaji.

Mu ƴan Nijar ba sai an koya mana darajar itace ba. Daga shekarun 1980, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa suka riƙa barin tsiro yana girma cikin gonakinsu, har aka ƙiyasta itatuwa wajen miliyon 200 a fili mai kusan hekta miliyon 5. Wanda ya yi renon gawo a gonarsa bai kamata ya ƙona itacen wani a bakin kasuwa ba.

Ƙona kwali ma haɗari ne. Dattawan Yamai ba su manta gobarar da ta cinye babbar kasuwa a 1982 ba. Tulin kwali kusa da rumfar atamfa, ga iskar hunturu, tartsatsi guda ya isa. Wanda aka zubar kuwa, shi da leda ke toshe magudanan ruwa, kuma mun ga abin da ambaliyar 2024 ta yi a garuruwanmu. Tumaki da awaki na cinsa, da tawada da ƙarfen maɗauri da roba duka.

Wani zai ce ai kwali ya fi leda. Gaskiya ne, yana ruɓewa, ita kuwa sai ta shekara da shekaru. Shi ya sa aka yi dokar hana ta a watan Nuwamba na 2014. Amma ruɓewarsa ba ta mai da itacen da aka sare. Wani kuma zai ce kuɗin mota ya fi kuɗin kwalin. In guda goma ne, haka ne. In kasuwa duka ta tara, aka danne, aka ɗaure dami-dami, lissafi ya sake.

Ga shawararmu. A buɗe kwali da wuƙa ta bakin manninsa, kada a yage. Mai kyau a sake zuba kaya ciki, ko a sayar wa mai ƙwai da mai tumatir. Wanda ya gaji a baje shi, a ajiye inda damina ba ta kai. Kwalin da ya ɗauko maganin ƙwari ko na ɓera kada a kusantar da shi da abinci ko kaɗan. Manyan ƴan kasuwa masu odar kaya su nemi kwali mai ruwan ƙasa, marar leda a jikinsa, don shi ya fi sauƙin sarrafawa.

Magadan gari kuma, tunda kuna karɓar kuɗin rumfa da na shara, ku ware wuri mai rufi a kowace babbar kasuwa, ku zauna da ƙungiyoyin ƴan kasuwa da matasa masu tara kayan bola, a nemo masu saye. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake ja na rijiya. Kwalin yana hannunmu. Saura a tara shi.