Tikitin Bayan Fage Da Kunyar Bakin Ƙofa

Duk ma'aikacin tarayya da ya fito daga garuruwan da ke kewaye da Abuja ya san nauyin da hutun Sallah ko na Kirsimeti ke ɗora masa. A ɗauki misalin wanda mahaifarsa Assakio ce, garin manoman nan da ke gabashin Lafiya, a kan hanyar Shendam. A idon mutanen gida shi ne "na Abuja", kuma alkawarin da ya yi wa 'ya'yan yayarsa tun bara, cewa zai kai su su hau lilon lantarki su yi iyo a tafkin wasa, babu wanda ya mance da shi. Ranar da hutu ya kama za a cika mota da yara tun asuba, a bi ta Lafiya da Nasarawa Eggon da Akwanga da Keffi, a kutsa cunkoson Masaka da Mararaba da Nyanya, kafin a hango duwatsun babban birni. Tafiya ce ta sa'o'i, ga kuɗin mai, ga kuɗin tol, ga abincin hanya. Abin da ya fi duk waɗannan ciwo shi ne a isa bakin ƙofa, mai tsaro ya haska tikitin da ke cikin waya, na'ura ta ƙi karɓa, ya ɗago kai ya ce ai an riga an shiga da shi tun safe.

Kuɗi dai ana iya mayar da su. Amma yaro ɗan shekara tara da ke jiyo sowar tsaransa daga bayan katanga, yana kallon kawunsa na cacar baki da mai gadi, zai daɗe bai mance ba, kuma labarin zai riga motar isa Assakio.

An saba ɗaukar cewa baƙauye ne abincin ɗan damfara. A harkar tikiti lamarin ya sha bamban. Manomin da ya zo daga ƙauye da kuɗinsa a aljihu yakan tafi kai tsaye tagar sayar da tikiti, ya bi layi, ya biya, ya karɓi takardarsa, domin bai san wata hanya ba. Wanda ya fi shiga hatsari shi ne mai digiri da katin shaidar ma'aikata a wuya, wanda zaman Abuja ya koya masa cewa kowace ƙofa tana da ta baya, kuma bin layi na wanda bai san kowa ba ne. Shi ne ke tambayar abokin aiki ko yana da "hanya" a wurin. Shi ne ke murna in an ce akwai wani yaro da ke samo tikitin rabin kuɗi. Ɗan damfara bai ƙirƙiro wannan ɗabi'a ba, ya tarar da ita ne ya shimfiɗa tabarmarsa a kai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ba a rasa uzuri ba, kuma adalci ne a faɗe shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 albashi ya daina kai mutane ƙarshen wata, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai cike giɓin ba. Mai kai yara shida ko bakwai wurin wasa dole ya yi lissafi, kuma neman rangwame ba abin kunya ba ne. Wuraren shaƙatawa da kansu sukan yi ragi ga makarantu da iyalai masu yawa. Bambancin kawai shi ne ragin gaskiya a ofishinsu ake samunsa, da rasit mai ɗauke da sunansu. Ragin da ya biyo ta hannun wani, ta lambar WhatsApp, da sharaɗin a biya kafin ƙarfe shida na yamma ko a rasa, wani abu ne daban.

Yadda ake ɗana tarkon ba shi da wuyar ganewa. Wuraren da yara ke kwaɗayi a Abuja sanannu ne, irin su Magicland da a da ake kira Wonderland, kusa da ƙofar shiga birni, da gidan namun daji da filin wasan yara na ƙasa da ke Asokoro, da wuraren iyo na 'yan kasuwa da ke ta ƙaruwa. Hotunansu cike suke a intanet. Duk mai waya yana iya kwasar hotunan wuri irin wannan, ya buɗe shafi a Instagram ko Facebook da suna mai kama da na ainihi, ya ƙara harafi ɗaya ko ɗigo, ya sayi mabiya, ya biya kuɗin talla domin shafin ya riƙa faɗowa a wayoyin mutane ana gobe Sallah. Wurin da aka ari sunansa sau da yawa bai ma san ana yi ba, shi ma zaluntarsa aka yi.

Mafi wayo a cikinsu ba sa ma ƙirƙirar tikiti. Sukan sayi na gaskiya guda ɗaya, mai ɗauke da zanen lambar nan da ake haskawa a ƙofa, su ɗauki hotonsa, su sayar wa mutum goma. Kowane ya duba zai ga komai daidai, domin kuwa daidai ɗin ne. Wanda ya riga zuwa ya shige, tara su tsaya a rana. Iyalin da suka taso daga Assakio ba za su taɓa riga mazaunin Wuye ko Garki isa ƙofa ba, don haka na nesa shi ne kullum a cikin taran.

Sai kuma na bakin ƙofa, wanda ya fi tsufa kuma ya fi ƙazanta, domin galibi da hannun na ciki. Tikitin takarda da ya kamata a yaga a mashiga, in ba a yaga ba, yana iya zagayowa waje a sake sayar da shi. Haka abin ɗaurawa a hannu da wasu wuraren ke bayarwa. A nan mai saye yakan shiga lafiya, ya fito yana yabon kansa. Sai dai kuɗinsa bai shiga asusun wurin ba, ya shiga aljihun wani ne. Wato an haɗa baki da shi an yi sata. Ga ma'aikacin da ke kokawa kullum kan yadda kuɗin shiga ke zurarewa a hukumomin gwamnati, wannan abin dubawa ne, domin kuɗin ƙofa da su ake gyaran injin lilo da biyan mai ceto a bakin tafki, kuma 'ya'yansa ne za su hau lilon.

Ƙasar nan ta ga abin da kuɗin ƙofa ke zama idan a hannu suke yawo. A watan Yunin 2019, bayan bukukuwan ƙaramar Sallah, naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga gidan zu na Kano suka yi ɓatan dabo, labari ya bazu har ƙasashen waje cewa goggon biri ne ya haɗiye su. Gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan, aka kuma shiga bincike. An sha dariya, kamar yadda aka sha a 2018 lokacin da aka ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin hukumar JAMB na Makurɗi, maƙwabciyar Lafiya. Abin da dariyar ta rufe shi ne adadin iyayen da suka bi layi cikin rana suka tara waɗannan miliyoyi, naira ɗari-ɗari.

Ma'aikatan tarayya ma ba sa bukatar a kai su Kano kafin su gane. Duk wanda ya riƙa hawa jirgin ƙasa tsakanin Abuja da Kaduna a shekarun da hanyar mota ta zama abin tsoro ya tuna yadda tikiti ke ƙarewa a taga a tashar Idu ko Kubwa ko Rigasa, sannan ya bayyana a hannun wasu a waje da ninkin kuɗi. Su wa ke saye? Masu abin hannu da masu sauri, waɗanda ba za su iya sammako su bi layi ba. A Janairun 2021 aka ƙaddamar da sayar da tikitin ta intanet, ana haɗa shi da sunan matafiyi da shaidarsa, domin a karya wannan kasuwa. Ko da tsarin bai kawar da ita ƙarƙaf ba, ya nuna inda maganin yake: tikiti ya zama na mutum ɗaya mai suna, kuɗi kuma su faɗa asusu ɗaya sananne.

Manyan wuraren wasa na duniya tuni suka kama wannan hanya. A Disney World da ke jihar Fulorida ta Amurka ana haɗa tikiti da yatsan mai shi a mashiga, kuma dokar jihar ta haramta sake sayar da tikitin kwanaki da yawa da aka riga aka ci wani ɓangare nasa. Duk da haka damfara ba ta mutu a can ba, sai dai ta sauya riga. A Fabrairun 2024, a birnin Gilasgo na Sukotland, iyaye sun biya har fam 35 kan kowane tikiti domin wani bikin yara na duniyar cakulan, bayan sun ga hotunan talla masu ƙayatarwa da aka haɗa da kwamfuta. Da suka je sai suka tarar da wani babban sito kusan fayau, yara na kuka, har aka kira 'yan sanda. Tikitin na gaske ne, abin da aka yi alkawari ne babu. Wannan ya fi shafar filayen wasa na wucin gadi da ke tsirowa a Abuja da Lafiya lokacin bukukuwa, a kafa rumfa yau a naɗe jibi. Irin waɗannan, biya a ƙofa bayan ido ya gani ya fi biya tun mako guda kafin ranar.

Akwai wanda ya fi kowa tausayi a wannan lamari, shi ne hadimi. Ranar Juma'a da yamma maigida zai ce a nemo wa yara tikitin gobe, ya shige mota. Hadimi ba ya son komawa ya ce layi ya yi tsawo ko kuɗin ya zarce abin da aka ba shi, yana kuma son a san shi da iya aiki. A wannan hali ne shafin farko da ya faɗo masa a waya ke zama mafita. In abin ya ɓaci, daga aljihunsa zai biya, kuma da wuya ya kai ƙara, domin kai ƙara tona wa kai asiri ne. Maigidan da ke aiken hadimi irin wannan aike ya kyautu ya ba shi cikakken kuɗin da izinin zuwa tagar wurin da kansa, ko da hakan zai ci masa sa'a biyu na aikin ofis.

Abin mamaki shi ne makamin kariya yana hannun ma'aikacin tarayya tun tuni. Tun 2015 da aka tilasta asusun bai ɗaya na gwamnati, ƙaramin akawu ma ya san ba a biyan kuɗin hukuma cikin asusun wani mutum. Wannan ilimi na ranar Litinin shi ake mancewa ranar Asabar. Manhajar kowane banki tana nuna sunan mai asusu kafin kuɗi su tafi. In sunan mutum ne ya fito maimakon na kamfani, magana ta ƙare, komai daɗin bayanin cewa na manaja ne ko na akanta. In sunan kamfani ne, shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a buɗe yake ga mai son bincika shi. Lambar wayar da za a kira don tabbatarwa kuwa kada ta zama wadda ke jikin tallan, domin ɗan damfarar ne zai ɗauka ya tabbatar da kansa. Ma'aikacin da ke zaune a Abuja yana iya ratsawa wurin bayan tashi daga aiki ya sayi tikiti da hannunsa kafin motar Assakio ta taso, kuma wannan ɗan ratse shi ne amfanin zamansa "na Abuja" ga 'yan uwansa.

Wanda ya riga ya faɗa, sauri ne gatansa, domin kuɗin sata ba sa kwana a asusun farko. Ya sanar da bankinsa nan take, ya adana shaidar tura kuɗin da hirar da aka yi, ya kai wa 'yan sanda ko EFCC. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai karɓar dukiyar mutane da yaudara, amma doka ba ta bin wanda ba a kai ƙararsa ba, kuma masu wannan sana'a sun san darakta ba zai so a ji an yi masa ta naira dubu arba'in ba. In kuwa wurin na gaske ne amma ya saɓa abin da ya tallata, hurumin hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ne.

Masu wuraren wasa su ma da nasu kason. Duk wurin da ba ya rubuta farashinsa ɓaro-ɓaro a ƙofa da shafinsa, ba ya bayyana asusu ɗaya da ake biya, ba ya faɗin ko yana da wakilai ko ba shi da su, ya bar tsagar da ƙadangare zai shiga. Wani abin ma da ake kira damfara a bakin ƙofa rashin bayani ne ya haife shi. A wurare da dama kuɗin shiga daban, kuɗin hawa kowane lilo daban, uba sai ya shiga da yara bakwai sannan ya gane ƙofa kawai ya saya. Wasu lilon suna da ƙa'idar tsayi, ƙananan yara ba sa hawa. Wuraren iyo kuma sukan shar'anta irin tufar da za a shiga ruwa da ita, abin da ke iya hana 'yan mata daga gidajen da ba su saba da ita ba taɓa ruwan bayan an biya musu. Waɗannan tambayoyi uku, na lilo da na tsayi da na tufa, a taga ake yin su kafin a miƙa kuɗi, kuma mai sayar da tikiti ta WhatsApp zai amsa dukkansu da "ba matsala".